Allurar Rage Ƙiba Maganin Ƙwaƙwalwa Ce, a Daina Tallarta a Waya

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini wani hoto da ta ɗauko daga sitatus ɗin wata mai sayar da kayan mata a nan Bauchi. Tsakanin hoton humra da na leshi ga wata allura irin mai siffar biro, an rubuta a ƙarƙashinta: allurar narkar da tumbi, sau ɗaya a mako, babu illa, ana kawowa har gida. Sai ta biyo da tambaya: "Yaya, wannan gaskiya ne kuwa? Ƙawayena har sun fara haɗa kuɗi."

Abin ya tsaya mini a rai, domin duka alkawuran biyu ƙarya ne. Allurar ba ta narkar da komai a tumbi, kuma tana da illa. Maganin da ake magana a kansa, wanda aka fi sani da sunan Ozempic ko Wegovy, da ɗan'uwansa Mounjaro, babban aikinsa wajen rage ƙiba a cikin kai yake yinsa. Yana shiga jini, ya isa wasu ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwa, ya sauya yadda suke aika saƙo.

Ga matsayata tun daga farko. Wannan magani ne na gaske, kuma alheri ne babba ga mai ciwon suga da wanda ƙiba ta zame masa cuta. Amma duk abin da zai shiga ƙwaƙwalwar mutum ya rage masa jin yunwa, hannun likita ya kamata ya bi, ba hannun mai talla a waya ba. Kuma idan har mun yarda cewa a ƙwaƙwalwa yunwa take, to gorin da muke wa masu ƙiba ma ya kamata mu sake duba shi.

Abin da allurar ke yi a cikin kai

Idan mutum ya ci abinci, wasu ƙwayoyi da ke jikin bangon hanji suna sakin wani sinadarin homon mai suna GLP-1. Ayyukansa sanannu ne: yana sa jiki ya fitar da insulin idan suga ya hau, yana rage saurin da abinci ke barin ciki, sannan yana sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ci an ƙoshi. Sai dai wanda jiki ke yi da kansa ba ya daɗewa. Cikin kamar minti 2 wani sinadari a jini ya farfasa shi.

Kamar yaron da aka aika ne, ya faɗi saƙo sau ɗaya a bakin zaure ya juya. Abin da masu haɗa magani suka yi shi ne suka samar da ɗan aiken da zai zauna a zauren mako guda cur yana maimaita saƙo ɗaya: an ƙoshi, an ƙoshi. Shi ya sa semaglutayid, sinadarin da ke cikin Ozempic da Wegovy, sau ɗaya ake yinsa a mako.

Asalin hanyar ma abin mamaki ce. A 1992 wani likita a birnin New York mai suna John Eng ya bayyana wani sinadari da ya samu a dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka, mai kama da GLP-1 amma ba ya saurin lalacewa. Daga nan aka samu maganin suga na farko a wannan dangi a 2005. Ozempic ya fito a 2017 don masu ciwon suga, Wegovy kuma a 2021 don masu ƙiba.

Ƙwaƙwalwa tana da shinge da ke hana yawancin abin da ke yawo a jini shiga cikinta. Amma akwai 'yan wurare da shingen ba shi da kauri, kuma ta nan maganin ke samun shiga. Biyu daga cikinsu su ne kan gaba a wannan batu.

Na farko yana can ƙasan tsakiyar ƙwaƙwalwa, a sashen da ake kira haifotalamus, wanda ke kula da yunwa da ƙishirwa da zafin jiki. A nan akwai rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya masu aikin da ya saɓa wa juna. Rukunin AgRP su ne masu kiran yunwa. Idan aka kunna su a kan ɓeran da ya riga ya ƙoshi, nan take zai koma kan abinci kamar ya kwana bai ci ba. Rukunin POMC kuwa su ne masu cewa ya isa haka.

Ƙwayar jijiya da ɗan ƙaramin lantarki take magana. Idan abin da ya taɓa ta ya kai wani mizani sai ta harba saƙo ga na gaba da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan ɓeraye, da wani magani na wannan dangi mai suna liraglutayid, ya nuna yana manne wa ƙwayoyin POMC kai tsaye ya ƙara musu kuzarin harbawa, su kuma masu kiran yunwa ya sa wasu ƙwayoyi na kusa da su su danne su. Ɓangare ɗaya ya ɗaga murya, ɗayan ya yi ƙasa.

Wuri na biyu yana can wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da lakar baya. A nan saƙonnin ciki da hanji ke sauka ta wata doguwar jijiya, kuma a nan cibiyar da ke sa mutum amai take. Allah Ya sa wannan cibiya a inda za ta riƙa ɗanɗana jini, ta yadda idan guba ta shiga za ta tayar da zuciya a fitar da ita. Maganin yana taɓa ta. Don haka tashin zuciyar da masu allurar ke kuka da shi ba wai abinci ne ya ɓata musu ciki ba, daga ƙeya umarnin ke fitowa.

A 2024 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadelfiya suka gano cewa a wannan yanki na ƙeya, ƙwayoyin da ke kawo ƙoshi daban suke da waɗanda ke kawo tashin zuciya, ko da yake maƙwabtan juna ne. Wannan ya ba da fatan wata rana a samu maganin da zai taɓa na farkon ya bar na biyun. Wanda ke kasuwa yanzu dai duka biyun yake taɓawa.

Yawancin wannan bayani na ƙwaya ɗaya ɗaya daga ɓeraye aka same shi, domin ba a buɗe kan ɗan'adam mai rai don a leƙa. Amma an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane ma. A wani gwaji a Amsterdam a 2014, an nuna wa masu ƙiba hotunan abinci suna cikin na'urar ɗaukar hoto, sai aka ga sassan da ke zabura idan an ga abinci sun lafa bayan an ba su magani na wannan dangi. Abincin bai canja ba, idon bai canja ba, ƙwaƙwalwar ce ta rage ɗoki.

"Ai haɗama ce, a kama baki kawai"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma yawanci daga bakin siraran mutane take fitowa. Wani dattijo da nake girmamawa a majalisarmu ya ce mini: "Kai ɗana, wace irin allura? Mutum ya rage loma, ya yi azumin Litinin da Alhamis, ya ga ko tumbin zai zauna."

Na ce masa: "Baba, gaskiya ne rage ci na rage ƙiba. Amma ba kowa ne yunwa ke kira da murya iri ɗaya ba."

Kowa a Bauchi ya san gidan da 'yan'uwa biyu ke cin masa a faranti ɗaya, ɗaya ya ci huɗu ya ture ya manta da abinci har la'asar, ɗayan ya ci takwas kuma kafin azahar hankalinsa ya koma kicin. Mun saba cewa na farkon mai kamun kai ne, na biyun mai haɗama. Alhali na farkon bai yi wani jihadi ba. Ƙwayoyin ƙoshinsa ne suka yi magana da wuri kuma aka ji su.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zafi. Idan mai ƙiba ya takura kansa ya rame, jiki ba ya taya shi murna. Sinadaran da ke tayar da yunwa suna ƙaruwa, masu kawo ƙoshi su ragu, jiki ya rage yawan abin da yake ƙonawa, kuma wannan hali yana iya ɗaukar shekara ko fiye. Shi ya sa za ka ga mace ta yi wata shida tana shan shayi ba suga, tana zagayen filin wasa da asuba, ta zubar da kilo goma, shekara na zagayowa sun dawo har da ƙari. Sai a ce ba ta da zuciya. Ita kuwa da ƙwaƙwalwarta take kokawa dare da rana, mu muna gefe muna yanke hukunci.

Allurar ta tona wannan a fili. A babban gwajin da aka yi wa semaglutayid kan mutane 1,961 na tsawon mako 68, duka rukunan biyu an ba su shawarar rage ci da motsa jiki. Waɗanda aka yi wa allurar gaske sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu. Waɗanda aka yi wa ta bogi, kusan kashi 2 da rabi. Nasiha ɗaya aka yi musu, niyya ɗaya suka zo da ita. Bambancin kawai shi ne an rage wa wasu ƙarar kiran yunwa.

Ban ce ladabin ci ya tashi a banza ba. Koyarwar da muka taso da ita, ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, tana nan daram, kuma duk likitan kirki zai ce a bi ta ko da allura ko babu. Amma addinin da ya koya mana wannan shi ne kuma ya ce a nemi magani. Ba mu cewa mai hawan jini ya yi haƙuri kawai jinin zai sauka. Mai ƙibar da ta kai ga cin gwiwa, da toshe numfashi cikin barci, da jawo suga, shi ma marar lafiya ne.

"To idan tana taɓa ƙwaƙwalwa, ai ƙwaya ce"

Na fahimci masu wannan tsoro sarai. Mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu da matan aure, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a 2018. Duk wanda ya ga haka, da ya ji an ce magani na aiki a kai, gabansa zai faɗi.

Amma hanyar ba ɗaya ba ce. Kayan maye suna tunzura sashen jin daɗi na ƙwaƙwalwa, inda sinadarin dofamin ke aiki, su sa mutum ya riƙa neman ƙari. Wannan allura ba ta bugarwa, ba ta sa nishaɗi, kuma wanda ya daina ba ya shiga irin halin da mai barin ƙwaya ke shiga. Hasali ma alamu sun nuna akasin haka take yi. Akwai makarɓar GLP-1, wato inda sinadarin ke mannewa a jikin ƙwayar jijiya, a wannan sashe na jin daɗi, kuma a gwajin dabbobi magungunan sun rage musu sha'awar barasa. Wani ƙaramin gwaji a Amurka kan mutane 48 masu matsalar shan giya, wanda aka wallafa a 2025, ya nuna semaglutayid ya rage musu ƙawar shan.

Wannan labari ne mai daɗi, amma ni a wurina ƙarin hujja ce ta a yi taka-tsantsan. Maganin da zai iya rage wa mutum marmarin abin da ransa ke so, ba ƙaramin abu ba ne. An taɓa nuna damuwa ko yana jawo tunanin kashe kai, hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka bincika a 2024 suka ce ba su ga hujjar hakan ba. Madalla. Amma ka lura, sai da aka sami hukumar da ke karɓar rahoto tana bin diddigi kafin a iya ba da wannan amsa. Wadda ta sayi tata a waya ta yi a ɗaki, wa zai ji labarinta idan wani abu ya same ta?

Kuma kada a bari masu talla su wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Za ku fara jin ana cewa tana gyara ƙwaƙwalwa, tana maganin mantuwa. An gwada. Babban gwajin semaglutayid kan masu cutar mantuwa ta Alzaima, wanda kamfanin da kansa ya sanar da sakamakonsa a ƙarshen 2025, bai nuna ya rage saurin cutar ba. Haka wani gwaji a Birtaniya da aka yi da wani magani na wannan dangi kan cutar karkarwa ta Fakinsin bai yi nasara ba.

"Me likita zai ƙara mini? Allura ce, zan iya yi da kaina"

A nan ne na fi jin zafi, don mun taɓa bin wannan hanya ta ɗaya fuskar. Shekara da shekaru 'yan mata na shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki. Abin da ke ciki sau da yawa deksametazon ne, ko wani maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ci, wanda shi ma a ƙwaƙwalwa yake buɗe shi. Mun ga sakamakon da idonmu: fuska ta kumbura ta yi tas, ƙafafu sirara, fata ta tsattsage, wasu suga da hawan jini su kama su tun ba su kai talatin ba. Babu wanda ya ce musu akwai illa. Yanzu kasuwar ce ta juya, masu sayarwar ba su canja ba.

Ga abin da likita ke yi wanda mai talla ba za ta yi ba.

Yana farawa da kaɗan. Ƙa'idar Wegovy ita ce a fara da miligiram 0.25, a riƙa ƙarawa duk bayan mako 4, sai an ɗauki kusan wata huɗu kafin a kai 2.4. Dalilin shi ne a ba cibiyar aman nan ta ƙeya lokaci ta saba. Duk da wannan lallaɓawa, a gwajin nan na mutane 1,961 kusan mutum 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar gaske sun yi fama da tashin zuciya. To ina ga wadda biki ya matso mata, ta murɗa biron zuwa ƙarshe tun ranar farko don ta ga aiki da wuri? Amai da gudawa a zafin Bauchi na watan Afrilu, ga wataƙila azumi a baki, hanya ce miƙaƙƙiya zuwa bushewar jiki da taɓuwar ƙoda. Kuma maganin mako guda ne, idan ya shiga ba a fitar da shi, sai dai a jira.

Yana tambayar abin da kake sha. Mahaifiyata na cikin dubban masu ciwon suga da ke karɓar magani a asibiti duk wata, na kuma san yadda jakar maganinsu take. Wanda ke shan ƙwayar suga ta gilibenkilamayid ko yake allurar insulin, idan ya ɗora wannan a kai ba a rage masa wancan ba, sugansa na iya faɗuwa ya sume.

Yana tambayar mace ko tana da ciki ko tana nema. Ba a yin allurar da juna biyu, kuma ƙa'ida ita ce a daina semaglutayid wata 2 kafin a ɗauki ciki. Ku duba su wa aka fi yi wa tallar a garin nan: amare da masu jego. Wato daidai waɗanda ciki zai iya zuwa musu kowane wata. Shi kuwa Mounjaro har yana iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ake haɗiya a makonnin farko.

Yana tambayar tarihin gida, domin akwai wani nau'in kansar tayiroyid, wata gaɓa da ke gaban wuya, da idan yana cikin dangi ba a ba da maganin sam. Yana lura da ciwon ciki mai tsanani da ka iya zama kumburin fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwa a matsarmama. Idan za a yi maka tiyata, dole mai sa barci ya san kana allurar, saboda abinci na daɗewa a ciki yana iya dawowa ya shiga huhu. Yana kuma gaya maka cewa ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, don haka sai an dage da wake da ƙwai da kifi da motsa jiki, musamman ga wanda ya manyanta.

Sannan akwai tambayar da ta fi duka: abin da ke cikin biron, mene ne? A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi amfani da jabun Ozempic, sugansu ya faɗi warwas, aka yi zargin insulin aka ɗura a ciki. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya ratsa waɗannan ƙasashe masu tsauraran matakai, ba na jin wanda ya iso Bauchi a cikin jakar hannu ya fi su tsarki.

Ko na gaske ne ma, magani ne mai son sanyi. A firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma bayan an fara amfani da shi bai kamata ya wuce digiri 30 ba. Ku auna tafiyarsa a but ɗin mota daga Legas ko Kano, ya sauka a tasha da rana tsaka, ya kwana a firjin da wuta ke zuwa masa sa'ad da ta ga dama, sannan ɗan acaɓa ya kawo shi a aljihu.

Abu na ƙarshe da mai talla ba za ta taɓa faɗa ba: idan aka daina, yunwar na dawowa. Maganin bai sake gina ƙwayoyin jijiyar ba, danne su ya yi muddin yana jini. Da aka bi sawun waɗanda suka daina bayan wancan gwaji na mako 68, cikin shekara guda sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage. Wanda zai fara ya kamata ya san doguwar tafiya ce, irin ta maganin hawan jini. Wadda ta tara kuɗin adashi ta sayi biro biyu don biki, ta sayi amai na wata biyu ne da ramar da ba za ta zauna ba.

"Mu da ke fama da yunwa, ina ruwanmu da maganin ƙoshi?"

Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma jihohinmu na Arewa sun fi wannan adadi muni. Duk wanda ya leƙa sashen yara masu tamowa ya san inda kuɗin gwamnati ya kamata ya fara zuwa.

Amma wannan binciken dai shi ne ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan ƙasar nan nauyinsu ya wuce ƙima. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta manya miliyan 3.6 ke ɗauke da cutar a Najeriya a 2021. Je ka layin masu suga a Asibitin Koyarwa na ATBU ko na tarayya da ke Azare ka ga ko masu kuɗi ne kaɗai. Akwai 'yan fansho, da masu sayar da ƙosai, da direbobi. Matsalolin biyu a gari ɗaya suke, wani lokaci a gida ɗaya.

Ga waɗannan mutane maganin ba na ado ba ne. Wani gwaji kan mutane fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya ya nuna semaglutayid ya rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta wannan hanya da kashi 20 cikin 100. A watan Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dangin magani cikin jerin muhimman magunguna, don masu ciwon suga da ke haɗe da ƙiba da ciwon zuciya ko na ƙoda. Abin takaicin shi ne a 2025 kuɗin biro ɗaya ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 nesa ba kusa ba. Wanda ya fi buƙata ba ya iya saye, wanda ke iya saye sau da yawa don hoton biki yake so.

Tsadar ba za ta daɗe tana kare mu ba

Zuwa yanzu tsada ce kaɗai ta hana abin bazuwa. Wannan kariya tana gab da faɗuwa. A 2026 haƙƙin mallakar semaglutayid ke ƙarewa a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Birazil, kuma kowa ya san daga Indiya da Sin yawancin magungunan da ke kantunanmu suke zuwa. Idan kamfanoni da yawa suka fara haɗa shi, farashi zai sauko. Wannan albishir ne ga layin masu suga. Amma ranar da ya sauko, ranar ce zai shiga kowane kemis na lungu, kusa da farasitamol.

Don haka ina ganin aikin na yanzu ne. Hukumar NAFDAC da Majalisar Masu Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa suna da hurumi a kan wanda ya isa ya sayar da maganin da sai da takardar likita, kuma dokar da ke akwai ta riga ta hana masu ƙananan kemis sayar da irinsa. A aiwatar da ita, a kuma bi masu tallar waya, domin lambobinsu a rubuce suke a ƙarƙashin kowane hoto.

Ma'aikatar lafiya ta jiha ta shigar da bayanin cikin shirye-shiryen lafiya na gidajen rediyo da Hausa da Fulfulde, likitocinmu su fito su faɗi wa ya cancanta, wa bai cancanta ba, da alamomin da idan an gani a garzaya asibiti. Ungozomomi da ma'aikatan awon ciki su riƙa tambayar mata kai tsaye ko suna wata allurar rage ƙiba, don ba kowace za ta faɗa da kanta ba.

Idan mai araha kuma mai rajista ya iso, shirin taimakekeniyar lafiya na jiha ya duba yiwuwar sa shi a jerin magungunansa, a fara da masu ciwon suga da ƙodarsu ko zuciyarsu ta fara taɓuwa, a ajiye shi a manyan asibitocin da ke da firji mai aiki da hasken rana, a riƙa rubuta sunan duk wanda aka ba da abin da ya biyo baya.